Jami'a da Filin Ƙwallo: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A ranar 28 ga watan Afrilu na shekarar 2016, shugaban Jami'ar Aidaho da ke arewa maso yammacin Amurka, Chuck Staben, ya furta maganar da takwarorinsa da dama ke tsoron furtawa. Ya ce daga shekarar 2018 ƙungiyar ƙwallon jami'ar za ta sauka daga hawa na sama ta koma wanda ke ƙasa da shi. Tsofaffin ɗalibai suka fusata, magoya baya suka ce an zubar musu da mutunci. Yau ƙura ta lafa, kuma duk wanda ya dubi al'amarin da idon basira zai ga cewa hukuncin ya yi daidai, ko da yake ya zo a makare.

Ya kamata a fara bayyana yadda tsarin yake. A Amurka jami'o'i ne ke riƙe da babban kaso na wasannin matasa, ƙarƙashin hukumar da ake kira NCAA, wadda ta kasa su rukuni uku. A fagen ƙwallon Amurka, wato wadda ake runguma a hannu a sheƙa da ita, rukuni na ɗaya ya rabu hawa biyu: na sama shi ne FBS, na ƙasa kuwa FCS. A lokacin da Aidaho ta yanke shawara, jami'ar da ke hawa na sama tana iya ɗaukar nauyin karatun ƴan wasa 85, ta ƙasa kuma 63. Haka nan doka ta ce sai ƴan kallon wasannin gida sun kai mutum 15,000 a matsakaicin lissafi, aƙalla a shekara ɗaya cikin kowace biyu, kafin jami'a ta ci gaba da zama a sama.

Sanin kowa ne cewa akwai jami'o'in da wannan wasa ke yi wa ruwan kuɗi. Filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma kamfanonin talabijin suna zuba miliyoyi domin nuna wasanninta. Sai dai irin waɗannan ƴan ƙalilan ne. Lissafin hukumar NCAA na shekarar 2019 ya nuna cewa a cikin jami'o'i 130 da ke hawa na sama, 25 kawai ne sashen wasanninsu ya samo fiye da abin da ya kashe. Sauran duka giɓi suke yi. Giɓin nan kuwa ba daga sama ake cike shi ba. Ana ɗebo shi ne daga baitulmalin jami'a da kuma kuɗin da ake ɗora wa kowane ɗalibi a kan kuɗin rajista, har da wanda bai taɓa taka ƙofar fili ba, har da wanda ya ci bashi domin ya yi karatu. Idan jami'ar ta gwamnatin jiha ce, kamar Aidaho, to mai biyan haraji ma yana cikin masu ɗaukar kayan.

Aidaho ta hau sama a shekarar 1996, tare da maƙwabciyarta Jami'ar Boise State. Ita Boise tana babban birnin jiha ne, ta samu jama'a, ta samu suna. Aidaho kuwa tana wani ɗan gari mai suna Mosko, wanda mazaunansa ba su fi 25,000 da yawa ba, kuma filinta rufaffe ne mai ɗaukar kimanin mutum 16,000. Ke nan sai fili ya kusa cika a kowane wasa kafin ta cika sharaɗin hukuma. A shekarun 1999 da 2000 har ta kai ga buga wasanninta na gida a filin aro na Jami'ar Jihar Washinton, a garin Pullman, kilomita 13 daga harabarta. Ta yi ta yawo daga wannan haɗaka ta jami'o'i zuwa waccan, har a 2013 ta rasa wadda za ta karɓe ta. Daga 2014 ta fake a haɗakar Sun Belt, inda abokan karawarta suke can kudancin ƙasar, a jihohi irin su Jojiya da Luwiziyana, tafiyar dubban kilomita a jirgin sama. A watan Maris na 2016 haɗakar ta sanar da cewa ba za ta sabunta mata zama ba bayan 2017. Cikin shekaru 22 da ta yi a sama, sau uku kacal ta samu gayyatar wasan ƙarshen kaka.

Dokar ƴan kallo ita ma ta haifar da abin kunya a wurare da dama. Da yake an yarda a ƙirga tikitin da aka saya ko da mai shi bai zo ba, sai wasu jami'o'i suka riƙa neman kamfani ko wani mai hali ya saye tikiti dubbai a kan farashi mai rahusa, a rubuta adadi a takarda alhali kujeru babu kowa. Ɗan kasuwar da ke sayen hajarsa da kuɗinsa domin a ce rumfarsa na ciniki, kansa kawai yake yaudara, kuma ranar lissafi tana nan tafe.

Masu adawa da sauka suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Manyan jami'o'i suna biyan ƙanana kuɗi mai tsoka, wani lokaci fiye da dalar Amurka miliyan 1 a wasa ɗaya, domin su zo a lallasa su a gaban jama'a. Wanda ya sauka, abin da ake ba shi yana raguwa ƙwarai. Rabon kuɗin talabijin ma yana raguwa. Sannan akwai ƴan wasan da aka ɗauko da alkawarin babban fage. Kamar da gayya, watanni takwas bayan sanarwar, ƙungiyar Aidaho ta doke Jami'ar Jihar Kolorado da ci 61 da 50 a wasan ƙarshen kaka na Disambar 2016, abin da ya ƙara wa masu fushi ƙarfin gwiwa. Gaskiya ne kuma cewa saukar ba ta share giɓin sashen wasanni nan take ba, kuma shekarun farko a haɗakar Big Sky sun zo da shan kaye.

Amma nasarar dare ɗaya ba ta goge lissafin shekaru ashirin. Komawa Big Sky, haɗakar da Aidaho ke cikin waɗanda suka kafa ta a 1963, ya maido mata da tsofaffin abokan hamayya na kusa, irin su Montana da Jami'ar Jihar Aidaho, waɗanda magoya bayansu ke iya zuwa kallo a mota. Daga 2022 zuwa 2024 ƙungiyar ta shiga gasar neman kambun ƙasa na hawanta shekara uku a jere, kuma a 2023 filin Mosko ya cika lokacin da Montana ta zo. Jama'a sun fi son kallon wasan da ake iya ci a kan wanda aka san sakamakonsa tun kafin a busa usur.

Wannan ba ya nufin cewa kowace jami'a mai giɓi sai ta sauka, ko kuma shugabanni su yanke hukunci a ɗaki su kaɗai. A Disambar 2014 Jami'ar Alabama da ke Bamingam ta rushe ƙungiyar ƙwallonta saboda tsada. Attajiran birnin da magoya baya suka tashi, suka yi alkawarin kimanin dala miliyan 17, aka janye hukuncin a watan Yuni na 2015, ƙungiyar ta dawo fili a 2017. A nan masu son wasa sun sa hannu a aljihunsu, saboda haka babu mai cewa komai. Jami'ar Hatfod kuwa ta yanke shawarar sauka daga rukuni na ɗaya zuwa na uku a watan Mayu na 2021, makonni kaɗan bayan ƙungiyarta ta ƙwallon kwando ta shiga babbar gasar ƙasa karo na farko. Rahoton da aka dogara da shi ya ce ana asarar kusan dala miliyan 13 a shekara, amma ɗalibai a kafafen labarai suka fara jin zancen. Sakamakon haka aka yi wa shugaban ihu a bikin yaye ɗalibai, wasu kuma suka garzaya kotu. Hukunci ko da mai kyau ne, idan aka yi shi a ɓoye, zargi yake haifarwa.

Abubuwan da suka biyo baya sun ƙara nuna inda aka dosa. A 2023 hukumar NCAA ta soke dokar ƴan kallo 15,000, amma ta ɗaga kuɗin neman hawa sama daga dala 5,000 zuwa miliyan 5. A watan Yuni na 2025 kuma wata kotu ta amince da yarjejeniyar da ta ba jami'o'i damar raba wa ƴan wasansu har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Jami'ar da ba ta iya cika fili mai kujeru 16,000, da me za ta shiga wannan tsere?

Tambayoyi uku ne ya kamata kowace majalisar jami'a ta amsa a bainar jama'a kafin ta zaɓi hawanta. Mutum nawa ne suke shiga fili da ƙafarsu? Nawa ake cirewa daga aljihun ɗalibi da baitulmali domin cike giɓi? Waɗanda ke neman a ci gaba da zama a sama, nawa suka yarda su biya, a rubuce? Idan amsoshin sun nuna cewa ɗalibi ne ke biyan kuɗin alfaharin wasu, to sauka ta zama wajibi. An kafa jami'a ne domin aji da ɗakin karatu da ɗakin bincike. Wasa ado ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Duk wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a, a jami'a yake ko a wata ma'aikata, ya san cewa suna ba ya biyan albashi a ƙarshen wata. Allah ya ba masu riƙon amana ikon faɗin gaskiya tun kafin lissafi ya faɗa musu ita.