Matasa masu digiri da aikin ba da shawara: wa zai buɗe musu ƙofa?

Akwai wata sana'a da take jan hankalin samari da ƴan matanmu da suka fito daga jami'a, wato aikin ba da shawara ga ma'aikatun gwamnati da furoje-furoje da ƙungiyoyin agaji. Mai wannan aiki shi ne ake aikawa karkara ya bincika ko kuɗin da aka kashe wajen gina rijiyoyi ko gyaran fadamun noman rani sun yi amfani, sa'an nan ya rubuta rahoto. Amma mafi yawan matasan da suka nufi wannan ƙofa a rufe suke tarar da ita.

A shekarun 1970, lokacin da ƙarfen uraniyom yake da daraja, wanda duk ya samo digiri aikin gwamnati ke jiransa. Da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sai wannan hanya ta ƙuntata. Su kuwa ɗalibai sai ƙaruwa suke yi: bayan jami'ar Yamai, an kafa ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa a 2010, kana na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014.

To, ina gizo yake saƙar? Sanarwar neman masani takan bukaci wanda ya shekara biyar ko goma yana aikin, tare da takardun shaidar ayyukan da ya kammala. Matashi yana iya yin rajistar kasuwanci, ya karɓi lambar haraji, ya buɗe ɗan ofishinsa, amma dosiyensa ba zai wuce tankaɗen farko ba. Abin da ya rage masa sai a ɗauke shi mai yi wa mutane tambayoyi, ana biyansa kwana-kwana. Shi zai sha rana ƙauye-ƙauye, shi zai zauna da manoma da makiyaya cikin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, amma ranar da rahoto ya fito babu sunansa a ciki. Baɗi in ya sake nema, har yanzu ba shi da shaida. Ga shi kuma ayyukan sun ragu, domin wasu masu ba da agaji sun dakatar da kuɗinsu bayan sauyin mulki na 2023, Amurka kuma ta rufe hukumarta ta USAID a 2025.

Asarar ba ta matasa kaɗai ba ce. Ƙasar da ba ta renon masananta, tilas ta ci gaba da hayar na waje da tsada, alhali ba su san harshen talakawanta ba.

Magani ba shi da nisa. Ya kamata duk kwangilar bincike da gwamnati za ta bayar ta wajabta sa matashi ɗaya ko biyu cikin ayari, da sunansu a rahoto. A kuma lissafa shekarun bautar ƙasa da na koyon aiki cikin ƙwarewa. Su ma matasa su daina raina ƙaramin aiki, su haɗa kai da juna, kuma su nemi takardar shaida a ƙarshen kowane aiki. Manyan masananmu suna tsufa. Mu tanadi magadansu tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya.