Kafin Ku Zaɓi Ajin Kimiyya

Ranar Asabar wani kamfani ya yi bikin cika shekara 20, ya kai ma'aikatansa da iyalansu Gidan Makama da Dutsen Dala. Mu ma muka bi yayanmu. A saman Dala akantan kamfanin ya ba mu labarinsa: bayan aji uku ya bi abokai ajin kimiyya, kemistiri ta kayar da shi sau biyu a WAEC. Sai da ya koma fannin kasuwanci ya samu shiga jami'a.

Ƙannenmu 'yan aji uku, kwalejin kimiyya ta Dawakin Kudu abin alfahari ce, amma ba kowa ne likita ba. Ku duba darussan da kuka fi ci, ku tambayi malamanku, sannan ku zauna da iyayenku. Aboki ba zai zana muku jarrabawa ba.