Zauren Iyali: Majami'ar Ƙasa ta Wusasa

A wannan wata zancen gini za mu yi, domin ikkilisiyoyi da yawa a karkara suna tara kuɗin bulo da kwano, suna ganin ginin ƙasa abin kunya ne. Zancen ya ƙara shafar 'yan'uwa Katolika, gama Kano ta zama dayosis a 1999, Katsina kuma a 2023, da Bishof Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi. Sababbin majami'u za su tashi a ƙauyuka, kuma wani ne zai zaɓi irin gininsu.

Kafin a zaɓa, a je Wusasa, kusa da Zariya. Mishan na CMS suka koma can daga cikin birni, a 1929 kuwa aka gina majami'ar St Bartholomew. Ta Angilikan ce, amma darasin na kowa ne. Magina Hausawa suka yi ta da tubali da jar ƙasa da azara, kamar soron mai hali. Tana nan tsaye har yau.

Ga gwanintar. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, amma in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, sai ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyin ƙasa. To, yaya za a rufe ɗakin taro? Sai magini ya dasa azara cikin bango, ya ɗaura wata bisa wata, kowace tana ɗan miƙowa ciki, har na dama da na hagu su gamu a sama. Ya yaɓe su. Wannan shi ne bakan gizo. Da shi Babban Gwani Mika'ilu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Bango mai kauri yakan sha zafin rana, ya sake shi da dare. Wanda ya taɓa sujada ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ko ya yi ƙoƙarin jin wa'azi ana ruwa, ya san bambanci.

Gaskiya, ginin ƙasa yana da wahalarsa. Manomin Minjibir ya sani, in bai gyara soronsa da rani ba, damina za ta yi masa ɓarna. Haka majami'a: kowace shekara sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe. Kuɗin kaɗan ne, hannuwa ake bukata. Abin da ya fi damuna shi ne maginan da suka iya baka suna tsufa, yaransu kuwa sun koma siminti. Dattawan ikkilisiyar da ke shirin gini, ku nemi tsohon maginin garinku tukuna, ku ji kuɗin da zai faɗa.