Ɗigo Ɗaya Kan Sauya Fuska: Ra'ayina Kan Zanen Fiksel

Yau za mu ɗan ajiye labari a gefe, mu taɓa wata sana'a da nake ganin ana raina ta ba gaira ba dalili, wato zanen fiksel. Fiksel dai shi ne ɗan mitsitsin ɗigon nan mai kusurwa huɗu da allon kwamfuta ko waya ke haɗa hoto da shi, mai wannan zane kuwa ɗaya bayan ɗaya yake jera su. Wasu in sun gani sai su ce ai hoto ne ya fashe, ko aikin wanda bai iya zane ba. Ni kuwa cewa na yi a ba mai faɗin haka fili mai gida 16 a tsaye, 16 a kwance, a ce ya fitar da kan mutum a ciki, mu ga ƙarshen iyawa.

Ku dubi Mario, ɗan tsalle-tsallen nan na wasan Nintendo. A 1981 ya fara bayyana cikin wasan Donkey Kong, kuma ƙarancin fili ne ya ba shi kamanninsa. Wanda ya zana shi, Shigeru Miyamoto ɗan Japan, ya sa masa gashin baki domin hanci ya fito ba sai an zana baki ba, ya ɗora masa hula don ya huta da zana suma. Yau fiye da shekara 40 ke nan, duk inda yaro ya hango hular nan ya san mai ita. Kuma kada a ce don injin da can ba shi da ƙarfi ne kawai, domin wasan Stardew Valley da ya fito a 2016 da gangan aka zana fuskokin mutanensa da fiksel.

To yaya ake yi? Da farko a fitar da siffar kai kamar ƙwai, haɓa a ƙasa. Idanu a tsakiyar kai suke zama, ba can sama kusa da suma ba, kunne kuma daga saitin gira zuwa ƙasan hanci. A nan ne abin mamakin yake: ido bai wuce ɗigo biyu ba, amma ka sauke ɗigo ɗaya na gira ta wajen hanci, nan take mai fara'a ya koma mai ɗaure fuska.

Sai inuwa, wadda ita ce ran aikin. Dole mai zane ya tsayar da inda haske ke fitowa, ya tsaya a kai. In daga sama ta hagu ne, goshi da karan hanci da kuncin hagu su sha haske, duhu ya kwanta a kuncin dama, ƙarƙashin gira, ƙarƙashin hanci da wuya a ƙasan haɓa. Kala uku ko huɗu sun wadatar. Wanda ya zagaye fuska da duhu ya bar haske a tsakiya, matashin kai ya zana ba mutum ba. Fata mai duhu kuwa, baƙa ko wankan tarwaɗa, ba a zuba mata baƙi ƙirin da sunan inuwa, fuskar za ta nitse. Sai dai a karkata inuwar zuwa ja-ja, a bar ɗan sheƙin goshi da na kunci su fitar da kamanni.

Abin da ya sa na kawo zancen nan shafin adabi ke nan. Sau nawa kuka karanta littafin da aka cinye shafi biyu ana siffanta tauraruwa, fara doguwa, hanci har baka, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, amma da kun rufe littafin ba za ku iya bambanta ta da ta littafin jiya ba? Mai zanen fiksel ba shi da wannan almubazzaranci, tilas ya nemo abu guda da ya raba fuskar da sauran, ko wushirya ce, ko tabo, ko yadda aka karkata ɗankwali, sannan ya san inda zai haska da inda zai bari a duhu. Marubucin da ya koyi wannan, mutanen labarinsa za su daɗe a zukatan masu karatu.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.