FILIN UWARGIDA: Yadda Ake Hana Rinin Gashi Koɗewa

Sau da yawa akan ga mace ta kashe kuɗi ta rina gashinta saboda biki ko salla, ya fito baƙi wuluk ko ja mai sheƙi, amma kafin mako uku ya dawo ja-ja, ya bushe kamar gemun masara. Sai ta ɗora laifin a kan mai rinin ko a kan kantin da ta sayo shi, ta sake sayen wani ta laɓta. Alhali kuwa yawancin laifin yana wurin abin da ake yi wa gashin bayan an rina shi.

Rinin gashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni mata ke shafa shuni a kitso, dattawa kuma suna rina gemu da lalle. Rinin kanti ne baƙo, wanda ya bunƙasa bayan da wani Bafaranshe mai suna Eugène Schueller ya haɗa nasa a birnin Faris a shekarar 1907, ya kuma kafa kamfanin da daga baya aka sani da L'Oréal. Waɗannan iri biyu ba hanya ɗaya suke kama gashi ba, saboda haka ya kamata uwargida ta san bambancinsu.

Kowane silin gashi yana lulluɓe da 'yan ɓawo-ɓawo masu hawan juna, kamar na jikin kifi. Rinin kanti mai daɗewa yana ɗauke da sinadarin da ke ɗaga wannan ɓawo domin launi ya shiga ciki. Duk abin da ya sake ɗaga ɓawon daga baya, to, ya buɗe wa launi ƙofar fita. Shi kuwa lalle manne wa jikin gashin yake yi ya zauna daram, shi ya sa ya fi wuyar fita, har ma yakan ƙara duhu cikin kwana biyu ko uku bayan an wanke ƙullin. Masu son baƙi ba tare da rinin kanti ba sukan fara sa lalle, sa'an nan su bi shi da garin baba, sai dai baban yakan riga lallen koɗewa.

Babban abokin gabar rini shi ne wanki. Kowace wankewa tana tafiya da wani abu daga launin, musamman in da ruwan zafi aka yi, domin zafi yana kumbura gashi ya buɗe ɓawonsa. Don haka a bar kai ya kwana biyu zuwa uku bayan rini kafin a sa masa sabulu, daga nan kuma sau ɗaya a mako ya wadatar, da ruwa mai ɗan ɗumi, a ɗauraye da mai sanyi. Sabulun wanki da garin wanke tufafi da duk wani sabulu mai kaifin kanwa ba na kan da aka rina ba ne. Ruwan rijiya mai zartsi shi ma yakan dusashe launi, inda hali ya yi a nemi ruwa mai daɗi.

Na biyu shi ne rana. Yadda take cinye launin atamfar da aka bari a kan igiya, haka take yi wa gashi. A nan ɗankwali da hula sun fi kowane magani araha. Lokacin hunturu kuma iska takan busar da gashi ya yi ta karyewa, busasshen gashi kuwa ba ya riƙe launi, ba ya sheƙi. Ɗan man kaɗanya ko man kwakwa ko alayyadi, a murza a tafin hannu a bi gashin da shi, ya isa. Haka nan a rage matajin wuta da na'urar busar da gashi.

Na uku shi ne man miƙar da gashi. Haɗa shi da rinin kanti rana ɗaya kan bar gashi ya yi laushi kamar auduga, ya dinga zuba a mataji. Ƙa'ida ita ce a fara miƙarwa, a dakata mako biyu, sa'an nan a rina.

Akwai kuma kuskuren da ya fi waɗannan tsada. Gashi yana tofowa kimanin santimita 1 a wata, don haka furfurar da ta leƙo a gindi bayan mako huɗu zuwa shida sabon tofi ce, rinin bai koɗe ba. Gindin kawai za a taɓa. Maimaita rini a kan dukkan gashin kowane wata shi ke cinye shi har ƙeya ta yi fili.

Daga ƙarshe, a yi hattara da baƙin rini da abin da 'yan kasuwa ke kira baƙin lalle. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Yawanci wani sinadari ne da ake kira PPD aka zuba a ciki, wanda kan sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fuska da ƙuraje masu ruwa. Kafin kowane rini a ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48. In wurin ya yi ja ko ya yi zafi, a haƙura da shi ɗungum, in kuwa fuska ta kumbura a garzaya asibiti. Kada kuma a kusantar da shi ga gira ko gashin ido, kada garin neman gira a rasa ido.

Uwargidar da ta kiyaye waɗannan za ta ga rini ɗaya ya kai ta nesa, kuɗinta ya huta, gashinta kuma ya tsira. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.