Injin yankan kacalla: kafin a saya, a yi tambaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tafki da asuba, lokacin da masunta ke tura jiragensu, ya san darajar mashigar jirgi. Nan ake sauke kifi a yi ciniki, nan kuma mata ke wanki, dabbobi na shan ruwa. Ranar da ciyawa ta toshe wannan ƴar hanya, kasuwar gari ce ta rufe. Ciyawar da muke nufi ita ce kacalla, doguwar nan mai kai kamar zangarniyar gero, wadda manoman rani da masunta na ƙasar Hausa suka sani sarai.

A yankinmu akwai abin da za mu yi hasara. Tafkin Ɗan Dutsi, a ƙasar Bagaruwa wadda take cikin gundumar Illela kafin sabon rabon gundumomi na 2011, ya shiga jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar a 2005, kuma da kifinsa da noman gefensa iyalai masu yawa ke ci. A Ƙonni, madatsun Mozage da Zango da ke kan Maggiya su ke shayar da filin noman rani mai wajen hekta 2,450. Duka waɗannan ruwaye ne da yashi da laka ke cikewa kowace damina. Ruwa marar zurfi, wanda ba ya ƙafewa, mai ɗauke da ragowar taki: ba abin da kacalla ke so kamar wannan.

Da zarar an taɓo zancen a wurin taro, sai ka ji wani babba ya ce a sayo inji. Maganar tana da daɗin ji. Inji abu ne da ake gani, a ɗauke shi hoto, a yanka kirtani a gabansa. Sai dai masu iya magana sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bari mu duba gemun maƙwabta.

A Najeriya, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina bin tsohuwar al'adarsa ta cika da damina, janyewa da rani. Kacalla ta samu ruwa shekara zagaye, ta mamaye fadamun Haɗeja da Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. An sha kai injuna, an sha share magudanai, ciyawar kuma ta sha dawowa. A Senegal da Muritaniya haka aka gani bayan madatsar Diama ta 1986, wadda ta hana ruwan gishiri hawowa kogi.

A tafkin Biktoriya kuwa, wata ciyawar ce mai yawo kan ruwa kamar kainuwa, irin wadda ta addabi kogin Kwara a Yamai, ta rufe tashar jiragen Kisumu ta Kenya a ƙarshen shekarun 1990. An kawo injunan daddatsawa daga Amurka. Amma masana da yawa sun tafi a kan cewa wasu ƴan ƙwari masu cin ganyenta da aka saki cikin tafkin sun fi injunan rage ta. Daga baya an sayi wani babban inji da kuɗi masu yawa, ya share shekaru ɗaure a tashar Kisumu bai yi aiki ba.

Ba muna cewa inji ba shi da amfani ba ne. Inda ciyawa ta yi kaurin da mutum ba ya iya ratsawa, ko inda laka ta binne magudana, hannu ba ya isa. Kuma rashin imani ne a tura matasa cikin ruwa har ƙirji da lauje, a bar su da tsargiya da macizai, alhali akwai abin da zai sauƙaƙa musu. Abin da muke cewa shi ne inji yana buɗe hanya ne kawai. Riƙe ta a buɗe aikin kowace shekara ne.

Dalili yana cikin halittar ciyawar. Ƙarfin kacalla yana cikin saiwarta da ke kwance cikin laka, kuma ta ganye da kara take shaƙar iska ta aika ƙasa. In an yanke ta sama da ruwa ko an sa mata wuta, aski aka yi mata. Cikin ƴan makonni za ta tofo. In kuwa an yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, aka maimaita sau biyu ko uku, saiwar sai ta shaƙe ta mutu. Dole kuma a kwashe abin da aka yanke a fitar da shi tudu, domin in ya ruɓe cikin ruwa yana cinye iskar da kifi ke buƙata, ya zama taki ga sabon tsiro. Ashe ke nan sanin lokacin yanka da tsayin ruwa ya fi girman inji muhimmanci.

Saboda haka, kafin magajin gari ko wani mai ba da agaji ya sa hannu kan takardar saye, muna da tambayoyi. Wa zai biya gazuwal a shekara ta biyu, bayan baƙi sun koma gida? Ina za a samo kayan gyara, kuma akwai makanike a Ƙonni ko Tawa da zai iya kwance injin ya mayar? A hannun wa zai zauna: ƙungiyar masunta da manoma, ko wani ofis mai nisa? Nawa aka saye shi, kuma ƴan kasuwa nawa suka yi takarar kwangilar? Ƴan kasuwarmu sun sani, ba a sayen mota sai an tambayi kuɗin taya. Ma'aikatanmu kuma sun san farfajiyar ofisoshi nawa ce ta zama maƙabartar taraktoci.

Ga abin da muke gani ya dace. Kananan hukumomin da ke da ruwa su haɗa kai su yi hayar babban inji sau ɗaya don buɗe mashigai da manyan magudanai. Daga nan a ba ƙungiyoyin masunta da na masu ban ruwa ƙananan kayan yanka da takalman ruwa, a ware wani kaso daga harajin kifi da kuɗin ruwa don wannan aiki, a kuma liƙa lissafinsa a ƙofar ofishin magajin gari kowa ya karanta. A nema wa ciyawar kasuwa: a Rosso ta Muritaniya an yi gawayin girki da ita, kuma tana yin tabarma da jinka, a ƙasar da icce ke ƙaranci kamar Adar, wannan ba abin rainawa ba ne. Sannan a ci gaba da aikin tare zaizayar ƙasa a kan tuddai, domin daga can lakar ke gangarowa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƴan tsirarun kacalla a bakin mashiga aikin mutum goma ne na yini guda. In aka yi sakaci shekara biyar, sai an nemo miliyoyi. Masu riƙe da dukiyar jama'a su zaɓa, mu kuma za mu ci gaba da tambaya.