Jinyar Mata Haƙƙin Miji Ce

A Nasarawan Doya da ƙauyukan Maƙarfi, idan mace ta daɗe tana zawo da jini tana ramewa, akan ce basir ne ko sammu, a mayar da ita gidan iyayenta. Mu ɗalibai ba mu yarda da wannan ba. Mai yiwuwa kumburin hanji ne, irin wanda Likita Crohn ya bayyana a 1932: ba a ɗaukarsa, amma yakan lafa ya sake tashi.

Wajibin miji ne ya kai ta Asibitin Koyarwa na Shika. In ciwon ya motsa, a rage yaji da mai, a riƙa ba ta kunu da tuwon shinkafa kaɗan-kaɗan. Damuwa ma takan tayar da shi. Gorin kishiya da barazanar saki guba ne gare ta. Ina amfanin auren da ya kasa jure jinya?